Kigali 2021: Yadda Takardun 'Yan Wasa Huɗu Suka Tsayar da Gasar Ƙwallon Raga ta Matan Afirka

Ranar Alhamis 16 ga Satumba, 2021, aka tsara matan Ruwanda za su kara da na Senegal a babban zauren wasanni na Kigali Arena. Shi ne wasansu na ƙarshe a rukuni, kuma masu masaukin baƙin sun tunkare shi da ƙarfinsu: sun ci Maroko turmi uku da ɗaya, sun lallasa Najeriya uku da nema, saura ƙiris su tsinci kansu a zagayen kusa da na ƙarshe na gasar ƙwallon raga ta matan Afirka. Amma alƙalin wasa bai busa usur ba. Raga tana ɗaure, fili yana share, 'yan wasa lafiyarsu ƙalau. Abin da ya hana wasan yana can cikin fayil, a takardun wasu 'yan wasa huɗu 'yan asalin Barazil da ke sanye da rigar Ruwanda.

Daga ranar gasar ta tsaya cik. Matan ƙasashe tara, waɗanda wasunsu sai da kyar hukumominsu suka haɗa kuɗin jirgi, suka koma masauki suna jiran abin da manya za su yanke. Shekaru sun wuce yanzu, amma lamarin bai fita daga raina ba. Na buga wannan wasa ina ɗaliba, kuma duk lokacin da na sake bin labarin Kigali sai in ga an yi ta magana a kan wanda ya yi laifi da wanda ya kai ƙara, an manta da waɗanda suka biya bashin da ba su ci ba.

Ga wanda bai saba da wasan ba, mutum shida ne a kowane ɓangare, a fili mai tsawon mita 18 da faɗin mita 9, da raga a tsakiya wadda tsayinta ga mata ya kai mita 2.24. Taɓawa uku kawai aka yarje wa kowane ɓangare kafin ƙwallo ta tsallaka: ɗaya ta karɓa, ɗaya ta ɗaga, ɗaya ta yi tsalle ta make ta ƙasa. Ana buga shi turmi-turmi, kamar yadda 'yan dambe ke cewa, kowane turmi maki 25, wanda ya riga cin uku shi ya yi nasara, idan kuma aka yi biyu da biyu sai a raba gardama a turmi na biyar mai maki 15. Mutum shida ba yawa ba ne. A ƙwallon ƙafa baƙo ɗaya ko biyu kan iya ɓacewa cikin goma sha ɗaya, amma a nan idan ka kawo ƙwararru huɗu, ka sauya ƙungiyar ɗungurungum. Wannan ya sa ƙorafin da aka kai a Kigali ya yi nauyi tun farko.

Gasar kanta tsohuwa ce, tun 1976 aka fara ta a Masar. Kenya ce uwar ɗaki a cikinta, ta ɗauki kofin sau tara kafin zuwa Kigali, na farko a 1991, na tara a 2015. Masar da Tunisiya kowacce sau uku, Aljeriya sau ɗaya a 2009, sai tsibirin Seychelles da ya ba kowa mamaki a Fatakwal a 2001. Najeriya ta sha karɓar baƙuncin gasar, har a Abuja a 2005, ta kuma taɓa zuwa ta biyu, amma ba ta taɓa ɗaga kofin ba. Daga 2017 Kamaru ta karɓe ragamar: ta doke Kenya a wasan ƙarshe a Yawunde, ta sake doke ta a Alƙahira a 2019 a wasan da sai da aka kai turmi na biyar. Saboda haka kowa ya zo Kigali ya san manyan giwaye biyu ne, kuma gurbi biyu kacal aka ware wa Afirka daga wannan gasa zuwa gasar duniya ta 2022 da Holan da Polan za su shirya. An saka Kamaru da Kenya a rukuni ɗaya tare da Tunisiya, Kongo ta Kinshasa da Burundi. Ruwanda kuwa tana tare da Maroko, Najeriya da Senegal.

Sai an fahimci inda Ruwanda take a wancan lokaci kafin a gane abin da ya kai ta ga wannan hanya. Ƙasar ta zuba dukiya mai yawa wajen mayar da Kigali cibiyar wasanni ta nahiyar. An buɗe Kigali Arena a 2019, zaure mai ɗaukar mutum 10,000 wanda kaɗan ne irinsa a Afirka kudu da Sahara. A 2018 aka fara sa sunan ƙasar a hannun rigar Arsenal. A shekarar 2021 kaɗai, cikin tsananin korona da ya sa ƙasashe da dama ke gudun tara jama'a, wannan zaure ya karɓi kakar farko ta gasar ƙwallon kwando ta kulob-kulob ɗin Afirka a watan Mayu, ya karɓi gasar ƙwallon kwando ta ƙasashen Afirka daga ƙarshen Agusta, sannan gasar ƙwallon raga ta maza wadda Tunisiya ta lashe, sai ta mata ta biyo baya. Mai gida da ya gyara ɗaki haka ba ya so a ci shi a tsakar gidansa. An ɗauko koci daga Barazil, Paulo de Tarso, kuma wannan ba laifi ba ne, Kenya ma ta je wasannin Olamfik na Tokyo a wannan shekara da koci ɗan Barazil, Luizomar de Moura. Matsalar ta faro ne da aka ga koci bai isa ba, sai an haɗa da 'yan wasa.

A nan ne dokar take, kuma mutane da yawa, har da wasu masu sharhi, sun yi mata gurguwar fahimta. A ƙwallon raga fasfo kaɗai ba ya ba mutum damar buga wa ƙasa. Hukumar duniya, FIVB, mai mazauni a birnin Lausanne na Siwizalan, tana ɗaure kowane ɗan wasa da abin da za a iya kira hukumarsa ta asali, wato hukumar ƙasar da ta fara yi masa rajista. Yarinyar da ta fara wasa a wani kulob a Barazil 'yar hukumar Barazil ce a idon FIVB, ko da ba ta taɓa sa rigar ƙasar ba, ko da ta samu fasfo goma. Idan tana so ta koma wata ƙasa, akwai ƙofa, amma sai an bi ta: ta samu shaidar zama 'yar sabuwar ƙasar, ta zauna a cikinta shekara biyu a jere kamar yadda dokar lokacin ta tanada, hukumomin ƙasashen biyu su amince, a biya kuɗin da aka ƙayyade, sannan FIVB ta sa hannu. Sai bayan nan za ta iya shiga fili.

Manyan ƙasashe masu kuɗi da faɗa a ji sun bi wannan layi sun jira. Wilfredo León, wanda ake lissafawa cikin gwanayen da aka taɓa yi a wasan maza, ya daina buga wa Kyuba bayan 2012, ya zama ɗan Polan a 2015, amma sai a 2019 ya fara sa rigar Polan. Melissa Vargas, ita ma 'yar Kyuba, ta fara buga wa kulob ɗin Fenerbahçe na Turkiyya a 2018, ta karɓi shaidar zama 'yar Turkiyya a 2021, amma ba ta buga wa ƙasar ba sai 2023, shekarar da ta jagoranci Turkiyya ta ci kofin Turai aka zaɓe ta gwarzuwar gasar. Turkiyya ta zauna tana kallon 'yar wasan da za ta iya ciyo mata kofi, shekara biyu cur, saboda doka ta ce a jira. 'Yan wasan Ruwanda huɗun ba a kammala musu wannan sauyi ta hannun FIVB ba. Nan ne duk ƙullin yake.

Najeriya ce ta shigar da ƙorafi bayan ta sha kashi. Maganar ta wuce hukumar Afirka, CAVB, wadda Bouchra Hajij 'yar Maroko ke shugabanta tun 2020, ta isa Lausanne. Amsar da ta dawo ba ta da lanƙwasa: 'yan wasan ba su cancanta ba, wasannin da Ruwanda ta ci sun rushe, kuma an dakatar da hukumar ƙwallon raga ta Ruwanda har sai an gama bincike. Sai aka shiga wani irin hali da ba kasafai ake gani ba. Hukumar da aka dakatar ita ce ke riƙe da gasar. Ita ta tanadi zaure, motoci, masauki, ma'aikata. Ka kori mai gida daga biki, wa zai ci gaba da raba abinci? Juma'a ta wuce ba a buga komai ba, Asabar ma haka. Ga tikitin jirgin komawa gida na ƙungiyoyi yana ƙaratowa, ga kuma gurbi biyu na gasar duniya suna rataye babu wanda ya san yadda za a raba su idan gasar ta mutu a nan.

A ƙarshe ma'aikatar wasanni ta Ruwanda ce ta shigo ta karɓi ragamar shirye-shiryen domin a ƙarasa, ba tare da ƙungiyar ƙasarta ba. A ganina wannan mataki ya cancanci yabo, domin ba ƙaramin haɗiye zuciya ba ne gwamnati ta buɗe zaurenta ta hidimta wa baƙi bayan an fitar da 'ya'yanta. Amma lokaci ya riga ya ƙure. Ranar Lahadi 19 ga Satumba aka cusa abin da ya rage cikin yini ɗaya. Kamaru ta fitar da Najeriya, Kenya ta fitar da Maroko, sannan a ranar dai aka dawo wasan ƙarshe. Kamaru ta ci Kenya turmi uku da ɗaya, ta ɗauki kofinta na uku a jere ƙarƙashin koci Jean-René Akono, aka zaɓi kyaftin ɗinta Christelle Nana Tchoudjang gwarzuwar gasar. Maroko ta doke Najeriya ta zo ta uku.

Wanda bai taɓa buga wasan ba zai ce ai ba gudu ake yi ba kamar ƙwallon ƙafa, mene ne a ciki don an buga biyu a rana? Ya tambayi gwiwar mai tsalle. 'Yar wasan da ke kai hari tana tashi sama ta dira a ƙasa sau da dama a kowane turmi, ga tsallen tare ƙwallo a bakin raga, ga faɗuwa a kan ƙirji don ceto wadda ta kusa taɓa ƙasa. Kafaɗar da ta yi ta duka da safe, kafin yamma ta yi tsami. Shi ya sa a manyan gasa ake raba wasan kusa da na ƙarshe da na ƙarshe aƙalla da kwana guda. Wasan da ya fi kowanne daraja a nahiyar, tsakanin ƙungiyoyi biyu da suka fi kowa iyawa, an buga shi da gajiyayyun ƙafafu bayan kwanaki na zaman rashin tabbas. Matan Kamaru da na Kenya babu hannunsu a ko ɗaya daga cikin abin da ya faru.

Gasar na ƙarewa hukumar binciken laifuka ta Ruwanda ta kama ɗaya daga cikin mataimakan shugaban hukumar ƙwallon ragar ƙasar, wanda sanannen mai sharhin wasanni ne a rediyo, bisa zargin amfani da takardun jabu a batun 'yan wasan. Ya amsa laifinsa a gaban kotu, aka yanke masa shekara biyu, daga baya aka rage zuwa wata takwas bayan ya ɗaukaka ƙara. FIVB kuma ta ci tarar hukumar kuɗi masu yawa, dakatarwar ta ɗauki watanni kafin a ɗage ta a 2022. A nahiyar da aka saba ganin irin wannan magana ta bi ruwa, a kafa kwamiti a manta, ganin an kai babban jami'in wasanni kotu an hukunta shi abu ne da ya kamata a lura da shi. Duk da haka ba na jin ɗaure mutum ɗaya ya amsa duk tambayoyin. 'Yan wasa huɗu ba sa shigowa ƙasa, su samu fasfo, su yi atisaye da ƙungiyar ƙasa, su fito a wasa biyu a gaban kyamara, a ce ido ɗaya ne kawai ya gan su.

Ina so in tsaya a kan wannan, domin shi ne ya fi damuna. Kafin kowace gasa ta ƙasa da ƙasa a ƙwallon raga akwai zaman tantancewa. Jagoran kowace tawaga yakan zo gaban kwamitin gasar da jerin sunayen 'yan wasansa, da fasfo ɗinsu, da samfurin rigunan da za su sa. Amfanin wannan zama shi ne kada a busa usur ɗin farko sai an tabbatar kowa ya cancanta. Waɗannan huɗun sun wuce ta wannan ƙofa. Na yarda takardar jabu don ta yaudari mai dubawa aka yi ta, kuma ba na ɗora wa mai tantancewa laifin wanda ya ƙirƙira ta. Amma a ce ƙungiyar ƙasar Afirka ta zo da sabbin 'yan wasa huɗu masu sunayen Barazil a lokaci ɗaya, ai ko ba a faɗa ba abin ya isa a ɗaga waya a tambayi Lausanne, inda rajistar kowa take. Da an yi wannan tambaya ranar tantancewa, da an ce wa Ruwanda ta ajiye su ta buga da sauran 'yan matanta. Za a ji kunya ta kwana ɗaya a cikin ɗaki, amma gasar za ta tafi lafiya, mai masaukin baƙi za ta ci gaba da wasa a gaban jama'arta, Senegal za ta buga wasanta, babu wanda zai buga wasa biyu a yini. Sai aka bari har wadda aka cutar ce ta gano ta kai kuka, bayan an riga an buga rabin gasa. Rigakafi ya fi magani, kuma a nan rigakafin kiran waya ɗaya ne.

Masu bin ƙwallon ƙafar mata sun san wannan labari ba sabo ba ne. Ikwatoriyal Gini ta ci kofin matan Afirka a 2008 da 2012, a shekarun da kowa ya saba Najeriya ce ke ɗauka, kuma an daɗe ana gunaguni a kan 'yan wasanta 'yan asalin wasu ƙasashe, ciki har da Barazil. Sai a 2017 FIFA ta haramta mata shiga gasar duniya ta 2019 saboda amfani da 'yan wasan da ba su cancanta ba. Can an ɗauki shekaru kafin gaskiya ta yi halinta, a Kigali kwana kaɗan aka yi.

Akwai abin da na gani da idona wanda yake dawo mini duk lokacin da aka ambaci Kigali. Muna aji biyar a makarantar kwana ta 'yan mata, filinmu na ƙasa ne, an ja layinsa da toka, ragar kuma an ɗinke ramukanta da igiyar shanya. Zango guda muka yi muna fita bayan la'asar, da dogon wando da ɗankwali, har bayan hannuwanmu suka yi kanta saboda karɓar ƙwallo. Akwai wata ƙawata, gajera ce amma ba ta barin ƙwallo ta faɗi a gabanta, ita ce ta fi kowa zuwa fili. Ana gobe za mu tafi gasar shiyya sai malamin wasanni ya zo da wasu dogayen 'yan mata biyu da ba mu taɓa gani a aji ko a ɗakin cin abinci ba. Riguna goma sha biyu ne kawai. Ya kira ƙawata gefe, ina tsaye ina ji. Ta ce, "Malam, ni kuma fa?" Ya ce, "Ki yi haƙuri 'yata, wannan karon makaranta muke nema wa suna, naki lokacin yana nan zuwa." Ta cire rigar da ta wanke ta goge da kanta ta miƙa. Mun je mun ci wasa biyu, a na uku wata malama daga makarantar da muke karawa da ita ta gane ɗaya daga cikin baƙin, aka kore mu gaba ɗaya. A mota muna dawowa babu mai cewa uffan. Ƙawata ba ta ƙara taka filin ba har muka gama makaranta.

Shi ya sa idan na karanta cewa Ruwanda ta saka 'yan wasa huɗu da ba su cancanta ba, abin da nake gani shi ne riguna huɗu da aka karɓe daga wasu 'yan mata a Kigali ko garin Huye da suka yi shekaru suna jiran ranar da ƙasarsu za ta karɓi baƙuncin Afirka. Sannan ina ganin sauran da suka samu rigar, suka yi gumi a wasa biyu, iyayensu suna kallo, aka share sakamakonsu kamar ba a yi ba, aka kuma rufe musu ƙofar duk wata gasa ta waje na tsawon watanni, su da kulob-kulob ɗinsu. Babu wadda ta buga hatimi a cikinsu. Ko su baƙin huɗu, ban ɗauke su miyagu ba. Barazil ƙasa ce da ƙwararrun 'yan wasa suka yi wa ƙungiyar ƙasa yawa, ta ci zinare a Olamfik a 2008 da 2012, mace tana iya ƙarar da rayuwarta ta wasa da ƙwarewa ba ta taɓa shinshinar rigar ƙasar ba. Idan wani jami'i ya zo mata da tayin buga gasar nahiya ya ce takardu sun kammala, ba kowace ce za ta iya bin diddigi ba.

Wasu a lokacin sun ce Najeriya don ta sha kashi ne ta kai ƙara, da ta ci da ba a ji bakinta ba. Ko da haka ne, ba ya rage wa ƙorafin gaskiyarsa. Wanda aka taka shi ke ihu, kuma doka ta ba shi wannan dama. Jami'an da suka lura suka rubuta sun yi wa 'yan wasansu aikin da ya kamata, sun kuma yi wa gasar kanta. Sai dai kada matsayi na huɗun da aka dawo da shi gida ya rufe mana ido. Da sakamakon Ruwanda ya tsaya, da wuya Najeriya ta fita daga rukuni, kuma da aka kai ga haɗuwa da Kamaru tazarar a bayyane take. Muna da ƙungiyoyi masu ƙoƙari, irin ta hukumar kwastam da Kada Emeralds ta Kaduna, muna da 'yan mata dogaye masu ƙarfi a kowace jiha, amma ƙungiyar ƙasa da ake tarawa 'yan makonni kafin gasa ba za ta tsaya gaban wadda ta shekara tare ba. A wasan da taɓawa uku ce kawai, mai ɗagawa sai ta san tsayin tsallen mai duka ba tare da ta waiwaya ba, kuma wannan sanin juna ba ya samuwa a sansanin sati uku.

Ƙungiyoyi biyun da suka kai wasan ƙarshe a Kigali su ne shaida. Ƙarfin Kenya daga makarantun sakandare yake fitowa, irin su Lugulu da Kwanthanze, inda ƙwallon raga take da daraja kamar jarrabawa, daga nan yarinya ta wuce kulob irin su Kenya Pipeline, Kenya Prisons ko KCB, inda ake ba ta aiki da albashi tana wasa. Sharon Chepchumba, wadda ta zama babbar mai kai musu hari, ta wannan hanya ta biyo. Kamaru, maƙwabciyarmu, ta riƙe rukunin 'yan wasa ɗaya da koci ɗaya shekara da shekaru, ta kai su Olamfik na Riyo a 2016, da dama daga cikinsu suka samu kulob a Faransa suna dawowa da gogewa. Su biyun suka wakilci Afirka a gasar duniya ta 2022, ƙuri'a ta haɗa su rukuni ɗaya a birnin Arnhem na Holan, inda Kenya ta rama da ci uku da nema.

A watan Agustan 2023 aka sake haɗuwa a Yawunde. Ruwanda ta dawo, da 'yan matanta na gida. Ta fita daga rukuni, ta tsallake zagayen kwata fainal, ta kai zagayen kusa da na ƙarshe, daidai matakin da aka yi duk wancan aika-aika don a kai shi shekara biyu kafin nan. Masar ce ta tare ta a nan, Kamaru kuma ta ci ta a wasan neman na uku. Kenya ta doke Masar ta ɗauki kofinta na goma. A wannan karon an faɗaɗa gasar duniya ta 2025 a Tailan zuwa ƙasashe 32, aka ba ƙasashe ukun farko na gasar Afirka gurbi, Kenya da Masar da Kamaru suka tafi. Ruwanda ta zo ta huɗu.